Kaset mai launin shunayya: yadda Raekwon ya yi gaban kansa ba tare da ya bar gida ba

Duk wanda ya san harkar kiɗa a ƙasar Hausa ya san abin da kan biyo baya idan ɗan amshi ya ji muryarsa ta nuna. Sai ya ja yara biyu ko uku, ya nemi nasa kalangu, ya kafa nasa garke, daga nan kuma a fara jin habaici na tashi tsakaninsa da tsohon ubangidansa. Ƙungiyoyin gambarar Amurka, wato masu waƙar rap, ma haka suka saba rabuwa. Ice Cube ya fice daga N.W.A a ƙarshen 1989 kan rigimar kuɗi, ya fitar da kundinsa na farko a 1990, kafin 1991 ta ƙare kuwa ya yi wa tsofaffin abokansa wankin babban bargo a waƙa. Dr. Dre ya bi sahunsa, kundinsa The Chronic na 1992 cike yake da zambo ga Eazy-E, tsohon abokinsa a ƙungiyar. A wancan zamani, idan aka ce ɗan ƙungiya ya fitar da kundinsa shi kaɗai, yawanci takardar saki ce aka rubuta da kiɗa.

Kundin Only Built 4 Cuban Linx... na Raekwon, ɗan ƙungiyar Wu-Tang Clan ta birnin New York, wanda ya fito ranar 1 ga Agusta, 1995, bai bi wannan hanya ba, kuma a ganina wannan ne sirrin da ya sa har yau ake sa shi a sahun farko idan ana lissafin manyan kundayen gambara. Sunan mutum ɗaya ne a sama, amma aikin mutum uku ne 'yan ƙungiyar: Raekwon da Ghostface Killah a baki, RZA a kan na'ura. Ko bangon kundin bai ɓoye hakan ba. Su biyu ne a hoton, an kuma rubuta sunan Ghostface a matsayin babban baƙo, yadda ake rubuta sunan jarumi na biyu a fastar fim. Muryarsa tana cikin fiye da rabin waƙoƙin, har akwai guda, "Wisdom Body", da shi kaɗai ya rera, mai kundin bai ce uffan ba. Sunan kundin kansa daga sarƙa aka ɗauko shi, irin sarƙar zinaren nan mai kauri da ake danganta ta da Kuba, wadda zobbanta suke sarƙe da juna ƙam.

Kafin a fahimci yadda hakan ya yiwu, sai an koma kan takarda, domin labarin Wu-Tang Clan labarin yarjejeniya ne kafin ya zama labarin waƙa. RZA, wanda sunansa na yanka Robert Diggs, ya riga ya sha ɗacin kamfanonin faifai. A 1991 kamfanin Tommy Boy ya fito da shi da sunan Prince Rakeem, aka sa shi waƙar soyayya mai ban dariya, ba ta ci kasuwa ba, aka watsar da shi. Ɗan uwansa GZA ma ya fitar da kundi a wannan shekara a kamfanin Cold Chillin', shi ma shiru kake ji. Da suka haɗa mutum tara suka buga "Protect Ya Neck" da kuɗinsu, suna yawo da ita gidajen rediyo da shaguna, kamfanoni suka fara zawarci, sai RZA ya kafa sharaɗin da babu wanda ya saba jin irinsa: ƙungiyar za ta sa hannu da kamfani ɗaya, amma kowane ɗa a cikinta yana da 'yancin ya je ya ƙulla tasa yarjejeniyar da duk kamfanin da ya ga dama. Steve Rifkind na kamfanin Loud, wanda a lokacin ƙaramin kamfani ne, shi ya yarda. Kuɗin kafin alƙalamin bai wuce dala 60,000 ba, ga mutum tara. Sun karɓi kaɗan a hannu don su riƙe abin da ya fi kuɗin daraja.

Kundin ƙungiyar na farko, Enter the Wu-Tang, ya fito a Nuwamban 1993. Daga nan aka fara rabon 'ya'ya kamar mai aurar da 'yan mata gidaje daban-daban: Method Man ya tafi Def Jam, kundinsa Tical ya fito a Nuwamban 1994, Ol' Dirty Bastard ya tafi Elektra, nasa ya fito a Maris na 1995, GZA ya tafi Geffen, Ghostface daga baya ya tafi Epic, Raekwon ya zauna a Loud. Kamfanoni biyar masu gasa da juna suka wayi gari kowanne yana kashe kuɗinsa wajen tallata tambari ɗaya. A cikin gida kuma RZA ya nemi 'yan uwansa su ba shi wuƙa da nama na shekara biyar, shi zai haɗa kowane kiɗa, shi zai ce wane ne zai fita yanzu, wane ne zai jira. Ɗan kasuwar Kantin Kwari zai gane wannan tsari da kallo ɗaya. Maigida ne ya buɗe wa yaransa shaguna a layuka daban-daban, amma duk daga sitonsa ake ɗibar kaya.

Tsarin yana da nasa waɗanda ya danne, kada a manta. Situdiyon RZA a ɗakin ƙasa na gidansa yake, a Staten Island, kuma ambaliyar ruwa ta taɓa cinye masa tarin kiɗan da ya adana, ciki har da waɗanda aka tanadar wa Inspectah Deck. Mutumin da mutane da yawa suke ganin ya fi kowa iya tsara baiti a ƙungiyar bai samu fitar da kundinsa ba sai 1999, bayan kasuwa ta watse. Raekwon ya yi sa'a, layinsa ya zo daidai lokacin da hannun RZA ya fi zaƙi.

Sai kuma wurin da abin ya fito. New York gundumomi biyar ce, Staten Island kuma ita ce 'yar bora. Jirgin ƙasan ƙarƙashin ƙasa da ya haɗa sauran huɗun bai isa can ba. Mai son zuwa Manhattan sai ya hau jirgin fito, mai son zuwa Brooklyn sai ya bi gadar Verrazzano. A can birnin ya yi shekaru yana jibge shararsa, a juji mafi girma da ake kira Fresh Kills, har zuwa 2001. Yawancin mazauna tsibirin fararen fata ne, da yawansu 'yan asalin Italiya, kuma a watan da kundin Wu-Tang na farko ya fito suka kaɗa ƙuri'ar neman ɓallewa daga birnin, ko da yake ba ta kai ga komai ba. A gefen arewa maso gabas na wannan tsibiri akwai rukunin benayen talakawa guda biyu da baƙar fata suka fi yawa a ciki: Park Hill, inda Raekwon, wato Corey Woods, ya tashi, da Stapleton, unguwar Ghostface, wato Dennis Coles. Dukansu haihuwar 1970 ne. Samarin unguwannin biyu ba sa ga maciji da juna, irin gabar 'yan daba ta unguwa da unguwa da mu ma muka sani, kuma su kansu mutanen biyu ba da abota suka fara ba. RZA ne ya zaunar da su inuwa ɗaya. Park Hill ɗin nan a yau ta cika da 'yan Laberiya da yaƙin basasar ƙasarsu ya koro, har ana kiranta ƙaramar Laberiya.

Shekarun samartakarsu sun faɗa daidai lokacin da kirak, wato hodar iblis da aka dafa ta zama dunƙule mai arha, ta mamaye unguwannin baƙar fata. A 1990 kaɗai an kashe mutum 2,245 a birnin New York. Dokar tarayya ta 1986 ta yanke cewa wanda aka kama da giram 5 na kirak zai sha ɗaurin aƙalla shekara biyar, daidai da wanda aka kama da giram 500 na garin hodar, wadda masu hali suka fi sha. Ma'ana, yaron da ke tsaye a bakin bene da 'yan ƙulle-ƙulle a aljihu shi doka ta fi yi wa tanadi. Raekwon bai taɓa ɓoye cewa ya yi wannan sana'a ba. Laƙabinsa na Chef, mai dafa abinci, harshen damo ne da duk ɗan unguwa ya san inda ya dosa.

Ga wani abu da ba a cika ambata ba. Tazara kaɗan daga waɗannan benaye akwai tudun Todt Hill, unguwar attajirai, inda Paul Castellano, shugaban gidan Gambino na 'yan Mafia, ya gina katafaren gidansa. An harbe shi a ƙofar wani gidan cin abinci a Manhattan a Disambar 1985, John Gotti ya gaje kujerar, jaridu suka yi ta buga hotonsa cikin kwat masu tsada har zuwa 1992 da aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Don haka yaron Stapleton ba a fim kaɗai ya san 'yan Mafia ba. Maƙwabtansa ne na kan tudu, masu sana'a irin tasa amma da lauyoyi da direbobi. Raekwon ya sha ba da labarin cewa Wu-Gambinos ya so ya raɗa wa kundin gaba ɗaya, sai saƙo ya iso ta hannun Rifkind cewa masu sunan ba su yarda ba. Aka bar sunan a kan waƙa ɗaya.

To, mene ne a cikin kundin? An gina shi kamar fim. Yana buɗewa da hira, ba waƙa ba: abokai biyu suna shawara, sun gaji, suna so su yi cinikin ƙarshe, su haɗa dala dubu ɗari biyu da hamsin su tsame hannunsu kafin kabari ko kurkuku ya riga su. Duk abin da ya biyo baya, sama da awa guda, rayuwar da suke son tserewa ce ake baje wa mai sauraro. Tsakanin waƙoƙi RZA yana saka muryoyin da ya yanko daga The Killer, fim ɗin John Woo na Hong Kong na 1989, labarin makashin haya da ke neman yin aikin ƙarshe don ya biya kuɗin gyaran idon wata mawaƙiya da ya makantar bisa kuskure. Wanda ya taso yana kallon finafinan 'yan China a sinimomin Kano ko Kaduna ko Jos ya san irin waɗannan muryoyi da aka ɗora wa Turanci, baki na motsi dabam magana na fita dabam. A kundin ƙungiya na farko finafinan kunfu RZA ya ɗebo, masu takobi da sufaye. A nan ya koma na bindiga da amana da cin amana. "Criminology" kuma tana buɗewa da cacar bakin Tony Montana da dillalinsa a waya, daga fim ɗin Scarface na 1983.

A nan hannun RZA ya sauya. Kiɗan 1993 busasshe ne, ganga mai ƙura da ɗan fiyano, kamar an naɗe shi a cikin rijiya. A 1995 ƙurar tana nan, amma ya lulluɓe ta da goge da ƙaho da muryoyin mata da ya gutsuro daga tsofaffin faya-fayen baƙar fata na shekarun 1970. A "Verbal Intercourse" guntuwar muryar ƙungiyar The Emotions ce take ta maimaita kanta a bayan mawaƙan, ba ta ƙarasa abin da ta fara faɗa ba, har ta zama kamar tunanin da ya ƙi barin mutum ya yi barci. "Heaven & Hell" an ɗora ta kan wata waƙar Syl Johnson. A "Rainy Dayz", wadda ni a wurina ita ce ƙololuwar kundin, gogen yana karkacewa kamar zai fita daga sauti, ana jin kukan tsuntsaye da tsawa, Blue Raspberry tana rera kukan macen da mijinta ke zamewa daga hannunta tana kallo. Babu wanda zai ji wannan waƙa ya ce an yi ta ne don a yi wa sana'ar talla. Salon nan na ɗaukar tsohuwar murya a ƙara mata sauri ta siranta, wanda Kanye West ya yi suna da shi bayan shekara ta 2000, shi da bakinsa ya ce daga RZA ya koya.

Muryoyin biyu kuwa kamar tuwo da miya. Raekwon mai sanyi ne, yana jero sunayen kaya da wurare da farashi ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsayawa ya haɗa maka su. Kai mai sauraro ne za ka ɗinke. Ghostface kuma murya a sama, kamar wanda ake bi da gudu ko wanda kuka ke shirin ƙwace wa. Idan Raekwon ya nuna maka agogo da mota, Ghostface ne zai tuna maka uwar da ke jiran ɗanta da ciwon da ke cin jiki. Sau da yawa ba sa jiran ɗaya ya gama baiti, suna karɓe wa juna magana a tsakiyar layi, yadda abokan da suka daɗe tare suke ba da labari ɗaya da baki biyu. An ce sun tafi Barbados don su rubuta waƙoƙin, zaman bai yi musu daɗi ba, suka koma Miami suka ƙarasa. Ko a hirarrakin da ke tsakanin waƙoƙi ana jin wannan shaƙuwa. Kafin "Glaciers of Ice" ta fara, Ghostface ya ɓata lokaci yana yi wa abokinsa bayanin yadda zai rina takalmansa samfurin Clarks launi biyu, da zumuɗin yaron da aka yi wa ɗinkin sallah. Wannan ɗan wuri ya fi waƙoƙi da yawa gaya maka su wane ne waɗannan mutane.

Haka ma sunayen da suka raɗa wa kansu. Kowane ɗan ƙungiya ya shigo fim ɗin da sabon laƙabi: Raekwon ya zama Lex Diamonds, Ghostface ya zama Tony Starks, Method Man ya zama Johnny Blaze, RZA Bobby Steels, Masta Killa Noodles, Inspectah Deck Rollie Fingers. Ana cewa sunayen 'yan Mafia ne, amma a duba da kyau. Noodles kaɗai ne ya fito kai tsaye daga fim ɗin 'yan daba, Once Upon a Time in America na 1984. Tony Starks da Johnny Blaze jaruman littattafan zane na Marvel ne, na yara. Rollie Fingers ɗan wasan ƙwallon baseball ne na gaske. Wato samari ne da suka tashi gaban talabijin suna yi wa kansu kirari da duk abin da ya burge su, kamar yadda matasanmu suke laƙaba wa kansu sunan jarumin fim ɗin Indiya ko ɗan ƙwallon Turai. Rigar manya ce a jikin ƙananan dillalai, kuma kundin ya san da haka. Shi ya sa tsoro bai taɓa barin ɗakin ba. Rayuwa ma ta tsoma baki cikin shirin: a cikin labarin an kashe ɗan ƙungiyar U-God tun a waƙar farko, "Knuckleheadz", saboda a zahiri gidan yari yake shirin komawa. Cappadonna kuwa, wanda ɗauri ya hana shi shiga kundin ƙungiya na farko, a nan duniya ta fara jin muryarsa.

Harshen kundin zaurance ne, kuma da gangan. Ko Ba'amurken da aka haifa da Turanci, in ba ɗan waɗannan unguwanni ba ne, sai ya yi ta maimaita kaset kafin ya kama rabin zancen. Zaurancen kala biyu ne a cakuɗe: na masu sayar da ƙwaya, da na wata ƙungiya da ake kira Five Percent Nation. Wannan na biyun yana buƙatar bayani ga mai karatu Musulmi, domin zai ji kalmomin da suka yi kama da nasa ya ɗauka abu ɗaya ne. Clarence 13X ne ya kafa ta a Harlem a 1964 bayan ya fice daga Nation of Islam. Koyarwarta ita ce kashi 85 cikin ɗari na mutane a ɓace suke, kashi 10 sun san gaskiya suna cin amanar sauran, kashi 5 ne talakawa masu koyar da gaskiya. Suna ba kowace lamba da kowane harafi ma'ana, kuma suna kiran baƙin namiji da sunan Ubangiji, abin da ya yi hannun riga da tauhidi, su kansu da yawansu ba sa kiran abin nasu addinin Musulunci. Ta bazu ne a gidajen yari da bakin titi, inda ta ba yaran da makaranta ta yasar wani abin haddacewa da dalilin ɗaga kai. A kundin nan harsunan biyu sun narke cikin juna har ba a iya raba su. Waƙar "Knowledge God" sunanta kalmomin wannan aƙida ne, amma masu bin zaurancen suna nuna cewa haruffan farko, K da G, su ne na kilogiram. Wa'azi da awon hoda a numfashi ɗaya. Shekaru bayan haka an ruwaito cewa Ghostface da Raekwon duk sun karɓi Musulunci.

Kaset ɗin ma zaurance ne. Raekwon ya nace a buga shi a roba mai launin shunayya maimakon baƙa ko fara da aka saba, ya ce dillalai haka suke yi wa kayansu alama don mai saye ya bambanta nasu da na wasu. Har yau masoyansa ba sa kiran dogon sunan, sai su ce Purple Tape, kaset mai shunayya.

Baƙo ɗaya tak aka shigo da shi daga wajen gida, Nas na unguwar Queensbridge a New York, kuma shi ne mawaƙin gambara na farko da ba ɗan gidan Wu-Tang ba da aka ba wa baiti a kundinsu. A nan ya fara amsa sunan Escobar, shekara biyu ba ta cika ba da kashe Pablo Escobar, hamshaƙin dillalin hodar iblis na Kolombiya, a Medellin. Da yawa suna ganin baitin da ya zuba a nan yana cikin mafi kyawun da ya taɓa yi. Girmama Nas ɗin kuma tana da ɗaya fuskar: a wata hira cikin kundin, Raekwon da Ghostface sun caccaki masu kwaikwayo, har suka yi habaici ga wanda ya saci fasalin bangon kundin Nas. Kowa ya gane da Notorious B.I.G., wato Biggie, ake, wanda kundinsa na 1994 ke ɗauke da hoton jariri, watanni kaɗan bayan Illmatic mai hoton Nas yana yaro. Abin dariyar shi ne, mawaƙin gambara ɗaya tilo da Biggie ya gayyata a wancan kundin nasa Method Man ne, ɗan gidansu. Kwana biyu bayan fitowar kaset mai shunayya aka yi bikin kyaututtukan mujallar The Source a New York, inda Suge Knight, mai kamfanin faifai daga yammacin Amurka, ya hau dandamali ya yi wa Puff Daddy, ubangidan Biggie, gugar zana, wutar gaba tsakanin mawaƙan gabashin Amurka da na yammacinta ta kama gadan-gadan. Ana yawan ba da labarin shekarar kamar New York tsintsiya ce maɗaurinta ɗaya. Wannan hira ta nuna ko a cikin gida ana hararar juna.

Ba zan ce kundin ba shi da tabo ba. Mata a cikinsa ko masu kuka ne ko abin marmari. "Ice Cream", wadda ta fi kowace shiga rediyo, mata ake kasawa launi-launi kamar kayan sanyi a kanti, kuma daɗin kiɗan bai wanke wannan ba. Waɗanda ke shan abin da ake sayarwa, iyaye mata da suka zama kwarangwal a matakalar benayen nan, da ƙyar ake ganin fuskarsu. Labarin daga bakin mai sayarwa yake fitowa, tausayin kuma kansa yake ji. Tsakiyar kundin ma tana da nauyi, akwai waƙa ɗaya ko biyu da in an cire ba za a yi kewarsu ba. Wanda ya ce ba zai iya sauraron awa guda na wannan duniya ba, ban ga laifinsa ba.

A kasuwa ya yi abin kirki amma bai girgiza ƙasa ba. Ya shiga jadawalin Billboard na kundayen da suka fi ciniki a Amurka a mataki na 4, ya sayar da kusan kwafi 130,000 a makon farko, ya kai rabin miliyan cikin wata biyu. Shaidar cika miliyan ɗaya kuwa sai a 2020 ta zo, alhali Tical na Method Man ya samu tasa tun 1995. Mujallar The Source ta ba shi maki huɗu da rabi cikin biyar, daga baya ta dawo ta cika masa biyar. Inda ya yi tasiri shi ne a kunnen sauran mawaƙa. Ba Raekwon ne ya fara waƙar 'yan Mafia ba, Kool G Rap ya riga shi da shekaru, amma bayan Agustan 1995 sai kowa ya nemi laƙabi da sigari mai kauri da kwalbar giyar Cristal. A 1996 Jay-Z ya fito da Reasonable Doubt sanye da hula da kwat, Nas ya fito da It Was Written a matsayin Escobar, a 1997 kundin Biggie na biyu ya zo da nasa salon na ubangidan 'yan daba. Waɗannan ukun gwanaye ne, kowanne ya sarrafa abin ta hanyarsa. Ɗaruruwan da suka biyo bayansu ne suka kwashi rigar suka bar mutumin: aka riƙe giya mai tsada da jirgin ruwa, aka zubar da hirar nan ta farko inda mutum biyu suke cewa sun gaji. Sai bayan 2010, a hannun irin su Roc Marciano da 'yan Griselda na birnin Buffalo, aka sake jin wannan ƙura da wannan fargaba.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa aikin na mutum uku ne ta zo daga Raekwon kansa. Wa'adin shekara biyar na RZA ya cika da kundin Wu-Tang Forever a Yunin 1997, wanda ya hau mataki na 1, daga nan ya saki linzami, kowa ya kama gabansa. A 1999 Raekwon ya fitar da kundinsa na biyu, Immobilarity, babu kiɗan RZA ko ɗaya, babu muryar Ghostface. Wannan ne kundinsa na shi kaɗai na gaskiya, irin wanda ɗan amshi ke yi idan ya kafa nasa garke. Basirarsa tana nan, ya kuma sayar da rabin miliyan, amma yau da wuya ka samu wanda zai ambaci waƙa biyu daga ciki. Ghostface ya fi shi dacewa a wannan zango: bayan wata doguwar tafiya da ya yi zuwa Jamhuriyar Benin neman maganin ciwon sukari, ya dawo ya fitar da Supreme Clientele a 2000, RZA na kusa da shi, Raekwon ma ya leƙo.

Shekara goma sha huɗu Raekwon ya yi ana tambayarsa yaushe zai yi na biyu. Only Built 4 Cuban Linx... Pt. II ya fito a Satumbar 2009, a kamfaninsa na kansa, da kiɗan Dr. Dre da Pete Rock da marigayi J Dilla, RZA kuma ya ba da kaɗan. Ya sake shiga jadawalin Billboard a mataki na 4, daidai inda na farko ya tsaya. A bangon an maimaita hoton 1995, an rina shi da shunayya, Ghostface na tsaye a bayan kafaɗarsa.